Gudu Ba A Kore Ka Ba

Ranar wata Asabar da sassafe, cikin hunturun da ya wuce, ina tsaye a bakin titin da ya taso daga cikin Jami'a ya nufi gari, ina jiran mota, sai ga waɗansu samari su biyar sun ɓullo a guje, kowa da gajeren wando, suna haki, sun dumfari gadar Kwalkwalawa. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma ko da suka gifta ni, na ji ƙarar sawunsu a kan kwalta, sai tafin ƙafata ya kama ƙaiƙayi, har na manta da littafin nahawun da ke hammatata. Mota ta zo ta tafi ban shiga ba. Na bi su da ido har hazo ya haɗiye su. To, da shugabannin Ƙungiyar Hausa suka ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa don wannan fitowa, ni kuwa ga shi ban iya waƙa ba, nazari ma ban ƙware ba tukuna, sai na ce bari in ba da labarin abin da na taɓa iyawa.

Ni mutumin ƙasar Wurno ne, daga wani ɗan ƙauye a bakin fadama. Wanda ya yi tarihi ya san Wurno, watau ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ya rasu a 1837, inda kuma hubbarensa yake har yau. Wanda bai yi tarihi ba, in dai yana shan miya, watakila albasa ko tafarnuwar fadamarmu ta taɓa shiga tukunyar gidansu bai sani ba. A irin wannan wuri yaro ba ya koyon gudu, tashi yake yi ya gan shi a ciki. Ka kori tsuntsu a gonar shinkafa, ka bi jaki kafin ya faɗa albasar mutane, a aike ka kasuwa a tofa yawu a ƙasa a ce ka dawo kafin ya bushe. Da dare in akwai farin wata a fita langa, ka kama ƙafa ɗaya ka yi ta tsalle da ɗayar har ka ji cinya ta ɗauki wuta. Na ma taɓa yin gudu na gaske a watan Satumba na 2010, sa'ad da Gulbin Rima ya yi ambaliya ya ci gonaki da gidaje tun daga Goronyo har Sakkwato, ya yanke hanyar shiga wannan Jami'a tamu. Ina ɗan shekara takwas a lokacin, na haura tudu da ɗan akuya a kafaɗa, ruwa na bin mu a baya.

Amma a ja layi, a busa usur, wani ya tsaya yana duban agogo, wannan ban san shi ba sai da na shiga sakandare a 2014. Makarantar kwana ce ta maza. Sau biyu a mako, da an sallame sallar asuba, sai a kaɗa ƙararrawa a fitar da mu gudun safe. A fita ƙofar makaranta, a bi gefen fadama, a zagayo wani babban gawo, a dawo. Malamai sun ce tafiyar ta kai kilomita 5. Manyan ɗalibai su ne a baya, kowa da bel a hannu, duk wanda ya yi nawa ya sha. Ni dai ran farko ba don komai na yi gudu ba sai don tsoron bel ɗin nan. Ban waiwaya ba sai da na ga ƙofar makaranta, ashe na baro 'yan ajinmu da nisa, na dawo tare da 'yan aji biyar da shida. Malamin wasanni, wanda muke kira Gemsmasta, ya yafuto ni ya ce, "Kai ɗan aji ɗaya, wa ya koya maka gudu?" Na ce, "Malam, jakin babana." Aka bushe da dariya. Daga ran nan ya rubuta sunana a wani tsohon littafi mai baƙin bango, na kuma huta da sharar ɗakin kwana, don an ce ɗan wasa ba ya shaƙar ƙura.

Mai karatu, kada ka ji na ce filin wasa ka zaci wani abu. Fako ne da ƙarangiya. In gasa ta kusa, sai a fitar da makaranta duka da fartanyoyi da tsintsiyoyi, a yi kwana uku ana kaftu ana tsince ƙaya. Sa'an nan Gemsmasta ya kafa turaku biyu, ya ɗaura igiya, ya zana da'ira har ya tabbata zagaye ɗaya ya cika mita 400. Mu kuma mu je madafa mu kwaso toka a kwanoni mu bi layi muna zubawa. In iskar hunturu ta taso da dare, da safe sai a sake. Sandunan gudun miƙa sanda kuwa, daga dogon yaron bayan ofis ake sarowa, a feƙe, a goge da kwalba. Takalmin gudu ba wanda ya mallaka a cikinmu. Da ƙafar Allah muke yi.

Ina aji biyu aka kawo mana wani ɗan bautar ƙasa daga Jihar Filato, ƙasar masu dogon gudu. Hausarsa irin ta Jos ce, ba ruwanta da namiji ko mace, sai ka ji ya ce "ƙafa ya gaji". A lokacin dariya muke yi masa, yanzu kuwa ga ni ina karanta irin wannan a darasin karin harshe, ina rubuta jarrabawa a kai. Shi ne ya fara gaya mini cewa gudu yana da lissafi. Ya ce mita 1,500 zagaye uku ne da kashi uku cikin huɗu, kuma duk wanda ya ƙone ƙarfinsa a zagayen farko don jin tafin 'yan kallo, a na uku za a kwashe shi. Ya koya mini in laɓe a bayan wanda ke gaba ya tare mini iska, in saurari numfashinsa, in na ji ya fara sarƙewa, sa'an nan in fito. Da ya ga muna kallon takalminsa muna haɗiyar yawu, sai ya ba mu labarin Abebe Bikila, sojan Habasha, wanda ya ci gudun famfalaƙi na kilomita 42 a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Kai, wannan labari ya yi mana daɗi! Muka riƙa taka ƙarangiya da alfahari. Sai da na girma na gano abin da bai faɗa mana ba, watau Bikila ya sake cin wannan tsere a Tokiyo a 1964, a wannan karon kuwa da takalminsa.

Matsalar tana gida. Ni ne ɗan fari, saboda haka babana ba ya kiran sunana, ba ya kuma zama hira da ni. In yana da magana sai ya dubi gefe ya faɗe ta. Wani hutu, bayan sallar isha'i, ina naɗe masa tabarma, sai ya ce, "Kai, mi na ji ana hwaɗi? Wai gudu kaka yi makaranta?" Na ce, "I, Baba." Ya ce, "Wa yak kore ka?" Na ce, "Ba kowa." Ya yi shiru, can ya ce, "Gudu ba a kore ka ba? Ni albasa nis sayar nik kai ka karatu, ban kai ka sukuwa ba."

A lokacin na ji haushi, amma yanzu na san ba ƙiyayya ba ce. Mutumin da ya kwana a fadama yana ban ruwa don ya sayi littafi da sabulu, ba zai so ya ji ɗan ya ɓuge da tsalle-tsalle ba. Kuma ya ga yara da yawa da ƙwallo ta ɗauke wa hankali, suka fito ba takarda ba sana'a. Inna ce ta shiga tsakani. Aka yanke cewa in yi gudun, amma duk zangon da sakamakona ya fita daga goman farko a aji, to, an rufe maganar ke nan. In faɗi gaskiya, wannan sharaɗi ne ya sa na koyi lissafi. Ba son sa nake yi ba. Ina dawowa daga fili, jiki duk ciwo, in ci gabzar dare, in ɗauki tocila in zauna da littafi, ba don in zama injiniya ba sai don kada a hana ni gudun ranar Asabar.

A 2017 aka kai mu Rabah wasan sada zumunta da wata makaranta. A hanya malamin tarihi, wanda ya raka mu, ya ce mu buɗe ido, garin da za mu shiga nan ne aka haifi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, nan ya yi hakimci daga 1934, kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Ya ce mu daina jin kunyar zama 'yan wasa, domin Sardauna kansa gwani ne a wasan fayif, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu ta bugi bango, tun yana Kwalejin Katsina, bai kuwa bar shi ba har ya zama shugaba. Na riƙe wannan magana kamar layar tsari. An cinye mu a ƙwallo ran nan, an cinye mu a jan igiya, ni ma na biyu na zo, amma ban damu ba, na sami hujja. Da aka yi hutu na kai wa Baba ita da zafinta. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, yana duban garka, "To, madalla. Kai ma in ka zama Firimiya, ka yi ta gudu."

A nan ya kamata in kawo abokina ɗan Goronyo, don labarin rabinsa nasa ne. Ajinmu ɗaya, gidanmu ɗaya, watau gidan masu kore. Gajere ne kakkaura, ga fara'a, ga tsokana. Shi ba ya dogon gudu, ya ce wahalar banza ce. Nasa mita 400 ne, zagaye ɗaya tak, wanda duk ɗan tsere ya san ya fi kowane azaba, domin ba gajere ba ne balle ka riƙe numfashi ka ƙarasa, ba kuma dogo ba ne balle ka yi dabara. Mita 100 na ƙarshe sai ka ji kamar an ɗaura maka turmi a kowace ƙafa. Shi kuwa a nan yake fara wuce mutane, yana yage baki kamar mai dariya. Garin kwakinmu ɗaya, ƙuli-ƙulinmu ɗaya. In innarsa ta aiko da hoce, rabi nawa ne.

Wani hutu ya ja ni gidansu. Nan na fara ganin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 a kan Gulbin Rima. Ni da na saba ganin gulbin ya ƙafe da rani har yara suna tsallakawa, sai ga ruwa iyakar ganina, wanda aka ce wurin yana iya riƙe mita miliyan 942 na murabba'in sukari. Bangon da ya tare shi ya haura kilomita 12. Da asuba muka fita muna sassarfa a gefensa, iska mai sanyi tana taso wa daga ruwa, masunta suna turo jirage, ba ƙarangiya, ba bel, ba agogo. Muka yi ta tafiya har ya ce shi fa ya gaji, ya zube a ƙasa yana zagina. Muka sayi soyayyen kifi na naira ɗari muka ci a tsaye. Na yi tsere da yawa a rayuwata, amma in an ce in zaɓi gudu ɗaya in sake, wannan zan zaɓa.

Daga 2018 abubuwa suka fara sakewa. A watan Yuli na shekarar 'yan bindiga suka kai hari Tabanni, a gundumar Gandi ta ƙasar Rabah, suka kashe mutane da yawa, jama'a suka watse. Da muka koma makaranta, sai aka ce daga yau ba fita da duhu. Aka bar zuwa gawo. Gudun safe ya koma cikin shinge, mu yi ta zagaya fili kamar shanun huɗa. Ba wanda ya yi ƙorafi, don akwai yaran Rabah a cikinmu waɗanda suka dawo ba su san inda waɗansu danginsu suke ba.

Gasar gidaje ta ƙarshe da na yi, cikin watan Fabrairu ne na 2020, ina aji shida. Wanda bai yi makarantar kwana ba ba zai gane girman ranar nan ba. An kafa rumfuna, an ɗauko kujeru daga azuzuwa, hakimi ya zo da jama'arsa, an gayyato makarantun kusa, har da ta 'yan mata, abin da ya sa yaran da ba su taɓa wanke wando ba suka yi guga da gawayi. Ga masu kalangu, ga masu rake da ƙanƙara. Aka yi maci, aka yi tseren buhu, aka yi na malamai, inda shugaban makaranta ya ci kamar yadda ya saba ci kowace shekara, don ba malamin da ke da ƙarfin halin wuce shi.

Na ci mita 1,500. Na bi shawarar mutumin Filato, ko da yake ya daɗe da tafiya: na laɓe har zagaye na uku, sa'an nan na fito. Agogon wayar Gemsmasta ya nuna minti 4 da daƙiƙa arba'in da wani abu. Na ji kamar ba wanda ya kai ni a duniya. Daga baya na duba na ga Hisham El Guerrouj na Maroko ya yi wannan tazara cikin minti 3 da daƙiƙa 26 a 1998, watau da tare muka tashi, da ya gama ya bar ni da zagaye guda cur da ɗoriya. Amma ran nan ban san da shi ba. Aka zuba mini garin gulukos a tafin hannu na lashe, aka ba ni bokitin roba shuɗi da sabulu biyu.

Saura tsere ɗaya a tashi, gudun miƙa sanda, mutum huɗu kowa zagaye guda. Da aka haɗa maki, sai ga gidanmu da gidan ja kusan kunnen doki, duk wanda ya ci wannan ya ɗauki kofi. Gemsmasta kuma ya riga ya faɗa cewa huɗun da suka ci su ne za a kai Sakkwato in gasar makarantu ta zo. Abokina tun muna aji ɗaya ba shi da magana sai filin wasa na Giginya, bai taɓa ganinsa ba, amma ya san ta wace ƙofa zai shiga. Mai gudunmu na uku zazzaɓi ya kwantar da shi tun safe, sai aka ce ni in shiga. Ni zan miƙa wa abokina, shi ya ƙarasa.

Na karɓi sanda muna na biyu, na wuce na gidan ja a kwana ta ƙarshe, fili ya ɗauki ihu. Ga abokina can ya miƙo hannu baya, ya fara taka wa. Tazarar da aka yarda a miƙa sanda mita 20 ce, kuma abu ɗaya aka hore mu da shi shekara shida: mai miƙawa ba ya duban komai sai tafin hannun mai karɓa. To, daidai nan ne idona ya faɗa bakin shinge, gindin dogon yaro, na ga wani mutum tsaye riƙe da keke, da hularsa da na sani tun ina rarrafe. Baba ne. Bai gaya wa kowa zai zo ba, bai shiga rumfa ba. Na dube shi, na saki sanda, hannun abokina bai kai ba. Na ji ƙarar faɗuwarta a kan fako, har yau ina jin ta.

Doka ta ce wanda ya yar da sanda shi zai ɗauka. Kafin in juya in duƙa in ɗauko in ba shi, mutum biyu sun wuce. Abin da yaron nan ya yi a zagayen nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ya kamo ɗaya a tsakiyar fili, ya bi na gidan ja yana cin tazarar taki bayan taki, jama'a suka miƙe tsaye, masu kalangu suka bar kiɗa. Da layin ya ƙara taku uku da ya wuce shi. Bai ƙara ba. Ya faɗi a kan toka, aka ɗauke shi.

Kwana uku bai yi mini magana ba. Na ajiye masa sabulu ɗaya a kan akwatinsa, ya mayar a kan nawa. Ran na huɗu da dare na ji an zungure ni, ya ce, "Kai mai hannun kuturu, tashi, akwai sauran ƙuli-ƙuli?" Shi ke nan. Zuwa Giginya kuwa ba wanda ya je, har 'yan gidan ja, domin a watan Maris aka rufe makarantu saboda cutar korona, ba mu koma ba sai don jarrabawar fita a watan Agusta. A Disamba, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, aka rufe makarantun kwana da dama a yankunanmu na bakin iyaka.

Baba bai ce mini komai ba ran gasar. Da aka tashi ya zo ya karɓi bokitin, ya ɗaure a bayan keke, ya ce a gaida malamai, ya tafi. Inna ce ta gaya mini daga baya cewa ya yi mako yana ba da labari a ƙofar masallaci, wai "yaron wajena" ya bar 'ya'yan mutane a baya kamar an ɗaure su. Maganar sanda bai taɓa ɗaga ta ba. Bokitin yana ɗakinsa, an hana kowa wanki a ciki.

Abokina bai ci gaba da karatu ba, ya bi babansa sayar da albasa. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, 'yan bindiga suka faɗa kasuwar Goronyo tana ci, suka buɗe wuta. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Ni ina Sakkwato a lokacin, ina tsaron shagon kawuna kafin in sami shiga Jami'a. Tun watan Satumba an rufe layukan waya a yankin, saboda haka ba hanyar kira. Na san ba ya fashin kasuwar Lahadi. Kwana biyar ina zuwa tasha, duk motar da ta fito daga gabas in tsaya in duba fuskoki, in tambayi direba. Ran na shida, ina zaune a shago, na ji an ce, "Salamu alaikum, ina mai hannun kuturu?"

Ya rame, ƙafafunsa duk sun tsage. Na sayo fura, muka zauna a benci. Da ƙyar ya ba ni labari. Ya ce yana cikin auna albasa ya ji harbi ta kowane gefe, ya tsallake buhuna, ya ratsa ta bayan rumfuna, ya faɗa gonakin dawa, bai tsaya ba sai da ya daina jin ƙara. Takalmansa bai san inda suka fita ba. Maƙwabcinsa na rumfa, dattijo mai sayar da barkono, bai fita ba. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Na tambaye shi ko ya kai zagaye nawa. Ya ce bai ƙirga ba, amma ya fi ƙarfin mita 400, yau ya yarda dogon gudu ba wahalar banza ba ce. Sa'an nan ya kurɓi fura, ya dube ni, ya yage bakin nan nasa ya ce, "Na gode Allah ba kai ne ba. Da ka tsaya ɗaukar sanda."

Washegari kafin ya koma na ɗauke shi a babur ɗin kawuna na kai shi Giginya. Ƙofa a rufe take, ba wasa ran nan. Ya leƙa ta tsakanin ƙarafa ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce mu tafi kada motar Goronyo ta cika.